Idon haske na na'urorin lantarki: yadda ake gwada shi da zaɓen madadinsa a yankin Arlit

A ofisoshi da shagunan fotokopi na Arlit da Akokan akwai matsalar da kusan kowa ya taɓa gamuwa da ita. Na'urar buga takardu za ta tsaya cak, ta rubuta "bourrage papier", wato takarda ta maƙale, amma idan aka buɗe cikinta ba a samun ko ƙyallen takarda. Sau da yawa laifin na wani ɗan baƙin abu ne da bai kai ƙwallon dabino girma ba, wanda aikinsa shi ne ganin ko takarda ta wuce. Masu gyara na kiransa da sunansa na Faransanci, capteur optique ko fourche optique. A nan za mu kira shi idon haske.

Ga ƙaramar hukumar karkara irin Dannet, a gundumar Arlit, tsayawar firinta ɗaya na iya jinkirta takardar haihuwa ko sakamakon jarrabawa har sai an kai na'urar birni, kuma tsakanin Arlit da Agadas kaɗai akwai tafiyar kusan kilomita 240. Shi ya sa ya dace a san abu biyu: yadda ake tabbatar da cewa idon ya mutu da gaske, da yadda ake zaɓen wanda zai maye gurbinsa idan ba a samu mai lamba ɗaya da shi ba.

Yadda yake aiki

Idon haske makunni ne da ba ya buƙatar taɓawa. A cikinsa akwai ɓangare biyu. Na farko ƴar fitilar LED ce mai fitar da hasken infiraruj, hasken da idon mutum ba ya gani, mai tsawon zango wajen nanomita 880 zuwa 950. Na biyu turanzisto ne mai jin haske: idan hasken ya sauka kansa sai ya bar wuta ta wuce, idan aka tare hasken sai ya rufe. Wannan buɗewa da rufewa ita ce saƙon da ƙwaƙwalwar na'ura ke karantawa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. William Herschel ya gano hasken infiraruj a 1800. John Shive na ɗakin binciken Bell a Amurka ya ƙirƙiro turanzisto mai jin haske a 1948, sannan a 1961 James Biard da Gary Pittman na kamfanin Texas Instruments suka gano LED mai fitar da infiraruj, wadda ta shiga kasuwa a 1962. Tun da ba abin da ke gogar wani a cikinsa, idon haske ba ya cinyewa kamar makunnin ƙarfe. Rauninsa ɗaya ne: duk abin da ya shiga tsakanin fitila da turanzisto, ko takarda ce ko ƙura, shi a wurinsa duhu ne.

Ire-irensa

Mai tsaga shi ne aka fi gani. Yana da ƙahoni biyu masu fuskantar juna, fitila a ɗaya, turanzisto a ɗaya, wani harshen roba ko faifai mai huji yana ratsawa ta tsakani. Shi ke cikin firinta, fotokopi da injin ƙirga kuɗi. Lambobinsa da suka shahara sun haɗa da TCST2103 na Vishay, ITR9608 na Everlight, H21A1, da dangin EE-SX na Omron.

Mai dawo da haske yana da fitila da turanzisto gefe da gefe, suna kallon waje ɗaya. Hasken na bugun abu ya dawo, don haka fari yana ba shi saƙo mai ƙarfi, baƙi kuma yana shanye hasken. TCRT5000 misali ne: ya fi gani daga tazarar milimita 2 da rabi, kuma bayan milimita 15 ba a dogara da shi.

Na uku rufaffe ne, ba ya kallon komai a waje. Shi ne optocoupleur, irin PC817 mai ƙafa huɗu ko 4N35 mai ƙafa shida. Aikinsa isar da saƙo ta haske tsakanin ɓangaren na'ura mai babbar wuta da ɓangaren ƙaramar wuta, ba tare da waya ta haɗa su ba. Yana cikin cajoji da yawa, talabijin, dikoda, da na'urar juya wutar batir ta hasken rana, wato onduleur ko inbata.

Sai na masana'antu, mai jiki na ƙarfe ko roba mai kauri da doguwar waya, wanda ake ɗaurawa a bakin bel mai jan kaya ko ƙofa mai buɗe kanta. Ma'aikatan lantarki da suka yi aiki a Somaïr, ko a Cominak kafin rufe ta ranar 31 ga Maris 2021, sun san shi sosai.

Masu gyaran mota su lura: wasu tsofaffin Nissan da Mitsubishi suna da idon haske cikin distiribita, inda wani siririn faifai mai tsaga 360 ke juyawa. Amma yawancin na'urorin auna juyawar inji na motoci maganaɗisu suke amfani da shi, kuma gwajinsu daban ne.

Abin da ke nakasa shi a arewa

Ƙura ce ta farko. Tagar da haske ke bi cikin ƙahon ba ta wuce milimita ɗaya ba, wani lokaci rubu'in milimita. Hazon hunturu da iskar rairayi, haɗe da garin tawadar firinta, sukan cike ta cikin ƴan watanni. Idan ƙurar ta haɗu da maiƙo sai ta daskare, hurawa kaɗai ba ta fitar da ita.

Zafi ne na biyu. Takardun masu ƙera waɗannan idanu galibi suna ba da iyakar digiri 85 a ma'aunin Selsiyus, amma tun kafin a kai nan zafi na gaggauta tsufan fitilar. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin Arlit na haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin na'ura a ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Fitilar ba ta cika mutuwa lokaci ɗaya ba. Dusashewa take yi a hankali, shi ya sa wata na'urar ke aiki da safe ta ƙi da rana.

Rana ce ta uku. Haskenta cike yake da infiraruj. Idan an cire murfin na'ura, ko an ajiye ta bakin taga, turanziston na iya ganin hasken rana ya ɗauka na fitilarsa ne, ya kasa gane an tare shi. Saboda haka ba a yin gwaji a tsakar rana.

Rufaffen optocoupleur ƙura ba ta damunsa. Abin da ke kashe shi tsalle-tsallen wuta ne: dawowar lantarki da ƙarfi bayan ɗaukewa, injin wuta marar daidaito, ko tsawa a lokacin damina.

Gwaji kafin canji

Da yawa daga idanun da ake cirewa lafiyarsu ƙalau. Ga matakan da ya kamata a bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

1. A cire na'urar daga wuta, a duba harshen robar da ke ratsa tsagar. Idan ya karye, ya lanƙwashe, ko ɗan ƙarfen da ke mayar da shi ya fita, ba laifin ido ba ne.

2. A hure tsagar da busasshiyar iska, a share da burushi mai laushi, sannan a goge da auduga mai ɗan alkol. Fetur da sinadarin narka fenti suna cinye robar, su dusashe tagar har abada. Siririn zirin roba mai layuka na firinta mai tawadar ruwa kuwa, da ƙyalle mai ɗan damshin ruwa ake goge shi, domin alkol na iya share layukan wasu.

3. A duba wayoyi da mahaɗarsu. Waya mai faɗi kamar kintinkiri takan tsage a inda take lanƙwasa, dalma kuma takan tsattsage a gindin ƙafafu.

4. A kunna na'urar a wuri mai ɗan duhu, a leƙa fitilar da kamarar wayar salula. Kamarori da yawa, musamman ta gaba, suna nuna infiraruj kamar ɗigon haske mai launin shunayya. Wasu wayoyin suna tace shi, don haka a fara gwada kamarar da rimot ɗin talabijin.

5. A kashe wuta, a sa ma'aunin lantarki, wato multimètre, a wurin gwajin diyod. Fitila mai lafiya na nuna bolt 1 zuwa 1.2 ta hanya ɗaya, idan an juya wayoyin kuma ba ta nuna komai. Sifili ta kowane ɓangare na nufin ta haɗe, rashin lamba ta kowane ɓangare na nufin ta yanke.

6. A sake kunnawa, a auna ƙafar da saƙo ke fita. A haɗin da aka fi yi, mai bolt 5, ana ganin ƙasa da rabin bolt idan tsaga a buɗe take, kusan bolt 5 idan an tare ta. A tare da kati mai kauri ko baƙar roba, domin siririyar farar takarda na barin infiraruj ya ratsa. Idan lambar na yawo a tsakiya, misali daga bolt 2 zuwa 4, fitila ta yi rauni ko taga ba ta fita ba. Idan ba ta motsa ko kaɗan alhali fitila na ci, turanziston ne ya tafi.

Yadda ake zaɓen madadi

Mafi sauƙi shi ne samun mai lamba ɗaya. Idan babu, a nemi takardar bayanin tsohon da ta sabon a intanet, abin da ake kira fiche technique, a gwada abubuwa biyar.

Na farko, siffa: faɗin tsaga, zurfinta, tazarar ƙafafu, da ko yana da kunnuwan ɗaurin kusa. Tsagar TCST2103 milimita 3.1 ce, ta ITR9608 milimita 5. Idan tsaga ta yi ƙunci harshen zai goga, idan taga ta yi sama ko ƙasa da inda harshen ke kaiwa ba zai tare hasken ba.

Na biyu, faɗin taga. TCST2103, TCST2202 da TCST2300 jikinsu ɗaya ne, amma tagoginsu milimita 1, da rabi, da rubu'i. Don gane wucewar takarda kowanne na iya yi. Don ƙirga hujin faifai mai juyawa kuwa, dole taga ta fi hujin ƙanƙanta. Idon da ke karanta zirin firinta ya fi kowanne tsauri: an ƙera shi daidai da yawan layukan zirin, misali 150 ko 180 a inci ɗaya, kuma sai irinsa.

Na uku, abin da ke ciki. Mai ƙafa huɗu galibi fitila ce da turanzisto zalla. Mai ƙafa biyar yana da ƴar ƙwaƙwalwa da ke buƙatar tata wutar, tana fitar da saƙo tsantsa, kuma wani irinsa yana ba da saƙon a juye. Mai waya uku na cikin firinta sau da yawa yana ɗauke da rezistans ɗinsa a ciki. Ko cikin masu ƙafa huɗu akwai bambanci: H21A1 turanzisto ɗaya ne, H21B1 kuwa biyu ne a goye, abin da ake kira Darlington. Na biyun ya fi jin haske kaɗan, amma ya fi nawa, don haka bai dace da faifai mai saurin juyawa ba, kuma hasken waje ya fi ruɗa shi.

Na huɗu, jerin ƙafafu. Kamfanoni ba su daidaita a kai ba. A jikin wasu akwai alamar E a ɓangaren fitila, D ko S a ɓangaren turanzisto, da alamar tarawa. Idan babu, gwajin diyod zai nuna ƙafafun fitila. Juya shi ba ƙaramin kuskure ba ne, domin fitilar ba ta jure fiye da bolt 5 ko 6 a juye.

Na biyar, yawan wutar fitila. Iyakarta galibi miliampiya 50 zuwa 60, amma a ƙasa mai zafi gara a tsaya tsakanin 10 da 20. Rezistans ɗin da ke gabanta shi ke ƙayyade wannan, kuma lissafinsa ba wuya: a cire bolt 1.2 daga wutar allo, a raba abin da ya rage da wutar da ake so. Don miliampiya 10 a kan bolt 5, 3.8 a raba da 0.01 ya ba da om 380, sai a ɗauki 390 ko 330. A kan bolt 12, om 1000. A kan bolt 24, om 2200 mai rabin wat, domin ƙarami zai yi zafi. A ɓangaren turanzisto kuma akan sa om 10,000 tsakanin ƙafar saƙo da wuta. Idan sabon ido bai sauko da saƙo ƙasa sosai ba, ƙara girman wannan rezistans ya fi alheri a kan matsa wa fitila, amma yana rage sauri.

Optocoupleur da harafinsa

PC817 yana da ɗigo a kusa da ƙafa ta 1. Ƙafa ta 1 da ta 2 fitila ce, ta 3 da ta 4 turanzisto. An ƙera shi ya jure bolt 5000 tsakanin ɓangarorin biyu, kuma wannan katangar ce ke hana wutar gida isa ga hannun mai riƙe da waya. Don haka ba a taɓa haɗe shi da waya don "a ga ko zai tashi".

Harafin da ke bin lambar yana nuna yawan wutar da ke fita idan aka gwada da wadda ta shiga. A yana ba da kashi 80 zuwa 160 cikin ɗari, B 130 zuwa 260, C 200 zuwa 400, D 300 zuwa 600. A cikin caja ko talabijin, shi ke gaya wa ɓangaren babbar wuta ya ƙara ko ya rage. Idan ya mutu, wutar da ke fita na iya hawa, ko na'urar ta riƙa kunnawa tana kashewa. A nemi mai harafi ɗaya ko na kusa da shi. EL817 da LTV-817 suna shiga gurbin PC817. Kafin a ɗora masa laifi a duba maƙwabcinsa TL431 da kondansatocin da suka kumbura, domin su suka fi mutuwa. Haka kuma MOC3021, duk da kamarsa da 4N35, ba turanzisto ke cikinsa ba, kuma ba sa musanya.

Idon masana'antu

A nan abubuwa huɗu ake karantawa a jikinsa. Wutar da yake ci, galibi bolt 10 zuwa 30. Nau'in saƙo, PNP ko NPN: injinan Turai sun fi amfani da PNP, na Asiya da yawa NPN, kuma idan aka sa ɗaya a gurbin ɗaya fitilar jikinsa za ta ci amma injin ba zai ji komai ba. Lokacin da yake ba da saƙo, da haske ko da duhu. Sai lambar kariya: IP65 da IP67 duka ƙura ba ta shiga su, na biyun har nutsewa cikin ruwa na ɗan lokaci yana jurewa. Launin wayoyi an daidaita shi: ruwan ƙasa wuta, shuɗi ƙasa, baƙi saƙo, fari kuma saƙo na biyu idan akwai. A wuri mai ƙura, wanda fitilarsa da mai karɓa ke rabe suna fuskantar juna ya fi mai dawo da haske juriya.

Inda ake samu

Sababbi ana nemansu a shagunan kayan gyara na Agadas da Yamai, ko kasuwar Sabon Gari ta Kano. Tun da kuɗin mota ya ninka kuɗin kayan, gara a sayi da yawa lokaci ɗaya, a tafi da tsohon a hannu ko hotonsa kusa da ma'aunin milimita.

Matacciyar firinta kuwa taska ce: akan samu idanu da yawa a cikinta, kuma sau da yawa kamfani ɗaya na maimaita iri ɗaya a na'urorinsa. Tsohon linzamin kwamfuta mai ƙwallo da bidiyo mai kaset su ma suna da su. A gwada kowanne kafin a ɗora.

Akwai hattara ta musamman ga garuruwan uranium. A ƙarshen 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, ta gano tarkacen ƙarfe masu tururin uranium a kasuwar garin. Allunan na'urorin ofis ba su ne abin tsoro ba, amma ƙarfe, bututu ko akwatin da ya fito daga wurin sarrafa ma'adini, ba a kai shi gida ko shago ba tare da an auna shi ba.

Aikin canji

A cire filogi, sannan a tuna babban kondansata na ɓangaren wuta na iya riƙe sama da bolt 300 bayan an kashe na'ura mai aiki da 220. A sauke wutarsa ta rezistans ko ƙwan fitila, a auna a tabbatar. A firinta mai leza a jira wurin gasa takarda ya huce.

A ɗauki hoton allon kafin a taɓa komai, a sa alamar ɓangaren fitila. A zuƙe tsohuwar dalma har ƙafafu su saki da kansu, domin fizga na ɓare layin tagulla. A zaunar da sabon ido ya kwanta daidai a kan allo, a liƙa ƙafa ɗaya, a gwada ko harshen na ratsawa ba tare da goga ba, sannan a liƙa sauran. Kada ƙarfen narka dalma ya wuce daƙiƙa uku a kan ƙafa ɗaya, zafi na lanƙwasa robar ya karkatar da fitila. A goge ragowar maiƙon dalma, a sake auna saƙo a buɗe da a rufe, a mayar da murfi, sannan a bar na'urar ta yi aiki har ta ɗau zafi kafin a miƙa wa mai ita.

Wani ido aikinsa kare rai ne, kamar wanda ke tsayar da inji idan hannu ya shiga, ko ke kashe leza idan an buɗe murfi. Irin wannan ba a toshe shi, ba a haɗe shi, kuma ba a canza shi sai da irinsa sak.

Ga ofis ko shagon da ke nesa da mai gyara, rufe na'ura da ƙyalle bayan aiki, nisanta ta daga taga, da hure tsagogin sau ɗaya a wata lokacin hunturu, sun isa su rage yawan tafiya Arlit da firinta a bayan mota.